Ramin Bayan Ɗakin Iya Barmani

Akwai wani mutum manomi, shi da matarsa Kyauta da 'ya'yansu, babbansu Zakka, suna zaune a gidan gado wanda yayansa yake riƙe da shi. Ɗaki ɗaya ne nasu. A ciki ake kwana, a ciki ake jibge buhunan masara, a ciki kaza take ƙwai. In Kyauta ta soya albasa, duk gidan sai an san me ta dafa, har a aiko yaro da kwano. Ran nan mutumin ya ce ya isa haka, shi ma zai gina nasa.

Ku riƙe wannan tun yanzu: gina gida ba zunubi ba ne. Kyauta ma ta fi shi ɗoki.

Sai mai unguwa ya yanka masa fili a bakin gari, ya kafa duwatsu a kan iyaka. Fili mai kyau, shimfiɗaɗɗe, ba komai a ciki sai ƙaya. Maƙwabciya ɗaya ce tak a wurin, wata tsohuwa da ake kira Iya Barmani. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, daddawa take yi tana sayarwa ta ci abinci. Ɗakinta guda ne, na ƙasa mai jinka, bayansa yana kallon filin manomin. Tun yana yawo ba wando ta san shi, shi ya sa take tsokanarsa da “angona”, irin wasan kaka da jika.

Mutumin nan ya iya tsari, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ɗebo toka a ƙwarya, ya bi fili yana zana layi. Nan zaure, nan ɗakin Kyauta, nan na yara, can madafa, can rumbu. Har inda za a ɗaure akuya sai da ya zana. Sa'an nan ya ja wani babban ɗaki yana fuskantar gabas, taga gaba taga baya, ya tsaya a tsakiyarsa ya riƙe ƙugu, ya ce, “Wannan nawa ne.” Kullum da yamma sai ya je ya tsaya a cikin tokar nan yana murmushi, kamar an riga an rufa.

Saura ƙasar tubali.

A garin nan kowa ya san inda ake ɗibar ƙasar gini. Akwai kududdufi can gangare, bayan gonaki, tun zamanin kakanni a nan ake haƙa. Da nisa, gaskiya ne, sai da jaki ko a ka. Amma ba don wauta aka kai shi can ba. Rami in yana kusa da gini, damina ta zo sai ya tara ruwa, ruwa kuma ya dinga cin gindin bango a hankali har ya kayar da shi. Yaron da bai fara makaranta ba ma ya san wannan.

Manomin ya je kududdufi, ya dawo yana haki. Ya dubi sama, ya ga rani yana gudu. Sai ya ɗauki fartanya ya sara gefen filinsa don ya gani, sai ga jar ƙasa mai danƙo, irin wadda magina suke yabo. A ina? Daidai bayan ɗakin Iya Barmani.

Kyauta ta ce, “Baban Zakka, nan za ka haƙa?”

Ya ce, “Filin wane ne?”

“Naka ne.”

“To.”

“Bangon Iya fa?”

Ya nuna mata dutsen mai unguwa da ƙafa. “Ga iyaka nan. Na tsallake?”

“Ba ka tsallake ba, amma…”

“Babu amma. Sama-sama zan ɗiba. Da an gama gini zan cike.”

Kyauta ta juya ta tafi, amma abin bai bar ranta ba.

Ya kira gayya. Kun san gayya, a kira mutane su taya ka aiki ba biya, kai dai ka cika musu ciki, ranar nasu kai ma ka je. Maza suka zo da sassafe da diga da shebur, wasu har sun ɗaura wa jakuna mangala, sun shirya zirga-zirgar kududdufi. Da ya nuna musu inda za a haƙa, suka dubi wurin, suka dubi bangon tsohuwa, suka dubi juna. Kyauta tana tsaye da tulu a ka, tana jira wani ya buɗe baki. Akwai masu furfura a cikinsu. Akwai masu zama a bencin gaba a coci.

Wani ya buɗe bakin kuwa. Ya ce, “Kai, Allah ya yi maka albarka, yau ka hutar da jakuna!”

Aka kwashe da dariya, aka hau haƙa.

Da rana ta ɗaga, sai ga Iya Barmani ta zagayo tana dogara sanda, da ƙullin daddawa a hannu. Gudummawar miyar gayya ta kawo, kyauta. Ta tsaya a bakin ramin, ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta ce, “Angona, kabarina kake haƙa mini tun da raina?”

Ya ce, “Haba Iya! Rijiya ce, na kawo miki ruwa har gida.”

“Uhm. To duk wannan zane-zanen toka, ina ɗakin amarya?”

Ya nuna babban ɗakin nan nasa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. “Ga shi can, mai taga biyu. Naki ne, Iya. Sai dai ki rage warin daddawa kafin ki tare.”

“Ja'iri! Da warin nan aka yaye ka.”

Maza suka yi ta dariya har da buga shebur a ƙasa. Kyauta ba ta yi ba. Ta karɓi daddawar da hannu biyu, ta koma wurin murhu, ta tuƙa tuwon nan kamar da shi take faɗa.

Da yamma ta bi tsohuwar har ɗaki. Ta ce, “Iya, ki je wurin mai unguwa. Ni mijina ne, ba zan kai shi ƙara ba. Ke ki je.”

Iya Barmani ta ce, “In je in ce me, 'yar nan? Bai taɓa nawa ba. Kuma kin ga na daɗe ni kaɗai a bakin dajin nan, ko tari na yi ba mai ce mini sannu. Maƙwabcin farko da Allah ya kawo mini, in fara da shi da rigima? Gobe wa zai ba ni wuta? Ya ce zai cike. Bar shi.”

Wannan magana ita ta fi ƙona ran Kyauta. Ashe tsohuwar ta gani sarai. Tsoro ne ya rufe mata baki, mutumin kuma ya san da haka.

To, kar in ja ku da nisa. Aka kwaɓa ƙasa, aka buga tubali, rana ta busar, bango ya fara tashi. Bango yana hawa, rami yana sauka. Sama-saman nan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, har ya zama in mutum ya shiga sai hularsa kawai ake hange. Kyauta ita ke jido ruwan kwaɓi, kowane tulu da maganarsa: “Baban Zakka, ramin nan.” Shi kuma amsarsa ɗaya: “Na tsallake iyaka?” Aka jera azara, aka rufa, aka yi yaɓe sumul, har da zane a ƙofar zaure. Da ya zo sa indararo, wato mazurarin ruwan rufi, sai ya juya bakinsu duka wajen ramin, wai kada ruwa ya kwanta masa a tsakar gida. Ku ji fa!

Suka tare. Kyauta ta sami madafarta ita kaɗai, abin da ta daɗe tana roƙon Allah, amma ko sau ɗaya ba ta ji daɗinta ba, don in ta ɗaga kai ta taga, ramin take gani.

“Yaushe za ka cike?”

“Bari in gama rumbu.”

Aka gama rumbu. “Bari in yi shuka.”

Aka yi shuka. “Ke wai ba kya ganin ciyawa tana cin gona? Bari in gama noman fari.”

Ruwa kuwa bai jira noman fari ba. Ramin ya cika taf, kwaɗi suka tare a ciki da nasu bikin. Gindin bangon Iya ya yi baƙi, ya fara zubar da ƙasa, sai ga tsaga ta taso daga ƙasa tana hawa. Kyauta ta wuce wata safiya ta tarar da tsohuwar a durƙushe a bakin ruwan, tana cusa taɓo a tsagar da yatsunta. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta ɗauki kwando, ta dinga kwaso shara da ɓaraguzai tana zubawa a ramin. Ina! Ramin da maza suka haƙa da diga, kwandon mace ɗaya zai cike? Haɗiyewa kawai yake yi.

Ta tare mijinta a zaure. “Zo ka ga bangon nan da idonka.”

Ya ce, “Kyauta, bangon nan ya girme ni. Tsufa ne. In ya faɗi, lokacinsa ne ya yi.”

“Iya ma ta girme ka. Ita ma in ya danne ta, lokacinta ne?”

Ya tashi ya ɗauki fartanya ya fita, wai mata ba su san gini ba.

Ana nan sai ya shirya addu'ar godiya ta sabon gida. Ranar Lahadi ce, bayan an tashi sujada. Tun safe ake ruwa, ya ɗan tsagaita. Jama'a suka cika tsakar gida, mata da waƙa, yara da guje-guje. Iya Barmani tana madafa tare da Kyauta, ita ke kula da miya, don ba wanda ya kai ta hannu. Maigida ya sha sabuwar riga, yana zagayawa da baƙi ɗaki-ɗaki, yana buɗe taga yana rufewa.

Kafin dattijon ikilisiya ya fara addu'a, aka ce maigida ya yi shaida. Ya miƙe ya gyara riga. Ya ce, “'Yan'uwa, ku taya ni gode wa Ubangiji. Gidan nan da gumina na gina shi. Ban ci haƙƙin kowa ba.”

Jama'a suka ce, “Amin!”

Kyauta tana jin haka a madafa, sai da ta ciji leɓenta.

Dattijo ya ce a sunkuyar da kai. Ya fara ke nan, bai yi nisa ba, sai aka ji wata ƙara daga bayan gida, rugum! sa'an nan ruwa ya yi tsalle ya koma. Ba wanda ya jira Amin. Kowa ya ruga.

Bangon baya na ɗakin Iya ya zame gaba ɗaya ya faɗa ramin. Jinka ta zauna a ƙasa kamar an kife kwando. Tukwane sun farfashe, daddawa tana yawo a kan ruwa, ɗan hatsin da take lallaɓawa ya koma taɓo. Da a ce ba miyar mutumin nan take dafawa ba, da tana ciki.

Tsohuwar ta iso a ƙarshe, da ludayi har yanzu a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi wurin, ta ce a hankali, “Tabarmata tana ciki.”

Sai maigida ya yi gyaran murya. Kyauta ta zuba masa ido, zuciyarta tana cewa, faɗi, faɗi kawai ka ce ka yi laifi.

Ya ce, “Ni dai kowa shaida ne. Ga dutse can. Ban tsallake iyaka ba.”

Abin da ke cin Kyauta a rai tun rani, ranar ya fito. Ba ta zage shi ba, ba ta ma dube shi ba. Ta karɓi ludayin daga hannun tsohuwa, ta kama hannun, ta ce, “Iya, zo mu je ɗakinki.”

Ta ja ta suka shiga sabon gidan, jama'a na biye. Ta wuce ɗakinta, ta wuce na yara, ta tura ƙofar babban ɗaki mai taga biyu. Ta fito da rigunan maigida, da rediyonsa, da takalmansa, ta kai zaure ta jibge. Ta dawo ta kakkaɓe gado ta zaunar da Iya Barmani.

Maigida ya ce, “Kyauta! Me kike yi haka?”

“Tarewa. Amarya ce ta tare. Ba kai ka ce nata ne ba? Duk waɗannan sun ji, har da buga shebur.”

“Ke, wasa ne wannan!”

“To ga wanda ba wasa ba.” Ta daki bangon ɗakin da tafin hannu har sai da ya yi ƙara. “Ƙasar nan daga ina ta fito? Ita ce ta tokare bangon Iya shekara da shekaru. Ka kwashe ta ka kawo nan ka yi mata taga. Iya ba ɗakinka ta shigo ba, Baban Zakka, ƙasarta ta biyo.”

Ta juya wajen mazan da suka cika ƙofa. “Ku kuma iyayena, da na ga kun zo da jakuna ran nan, na ce Allah na gode, ga manya, za su faɗa masa. Jakunan sun huta. Sai ku je ku gaishe su.”

Wanda ya yi barkwancin jakuna ya sulale ya koma bayan mutane. Sauran kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Maigida ya dubi dattijon ikilisiya, yana jira ya tsawata wa matar. Dattijon ya kau da kai, don shi ma yana wurin ranar gayya. Sa'an nan ya ce, “Ɗana, addu'ar da muka fara ba mu ƙarasa ba, kuma ba yau za mu ƙarasa ta ba. Ranar da ɗakin Iya ya tashi, ka aiko mana.” Ya sa hularsa ya fita. Jama'a suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tuwo ya huce a tukunya.

Mutumin ya so ya gina mata ɗaki maza-maza ya karɓi nasa. Amma wa yake buga tubali da damina? Ka buga da safe, ruwa ya narkar da yamma. Gayya kuma ba a kiranta lokacin da kowa yake fama da gonarsa. Haka ya kwashe damina cur yana kwana a zaure, sauron ramin da ya haƙa da kansa yana cinsa. Da ya gaji, ya ɗauki kwando. Kullum in ya dawo gona sai ya gangara kududdufi, tafiyar nan da ya guje wa, ya ciko ƙasa ya ɗoro a ka, shi kaɗai, ba dariya ba jaki, ya zo ya juye a ramin. Iya Barmani tana zaune a ƙofar babban ɗaki tana ɓarar kalwa. In ya wuce sai ta ce, “Sannu, angona. Bi a hankali, akwai santsi.” Ba gatse take yi ba, har zuciyarta take faɗa. Wannan ya fi kwandon yi masa nauyi.

Ko ya tuba a zuciyarsa, Allah ne ya sani. Ramin dai ya cike shi, kuma da rani ya kama, tubalin farko da ya buga na ɗakin Iya ne.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan shi ne duk abin da kake ginawa don kanka, karatunka, sana'arka, sunanka, jin daɗinka. Ba laifi ka gina. Amma ba bangon da yake tashi ba tare da an haƙa wani wuri ba, kuma Allah yana duban ramin kamar yadda yake duban ginin. Mu bango muke nuna masa ranar shaida. Shi kuwa sai ya zagaya baya.

Dutsen iyaka shi ne maganar nan da muka iya sosai: “Ai ban yi sata ba. Ai haƙƙina ne. Wace doka na karya?” Mutumin nan bai yi ƙarya ba, bai tsallake ba ko da taku ɗaya, amma ɗakin ya faɗi. Kullum muna ji a nan coci cewa mu ƙaunaci maƙwabci, ba mu taɓa jin an ce ƙaunar ta tsaya a kan dutsen mai unguwa ba.

Iya Barmani kuwa tana gidan kowa. Ita ce wadda ba za ta kai ƙara ba. Ita ce ƙanwar da take ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta goyi jariri, don yayanta ya zauna a inuwa ya ci jarrabawa, ranar sakamako kuma shi ake ɗagawa sama, ita ko sannu babu. Ita ce yarinyar da aka cire daga makaranta don a sayi kwanon rufi. Ita ce wadda kuke ba da labarinta a bayan coci don a ce ku ne masu tarbiyya. Ta yi shiru, har ta yi muku dariya, sai ku ce ai ba ta damu ba. Ta damu! Ba ta da inda za ta je ne.

Masu gayya mu ne. Mun gani, mun sani, mun dubi juna, muka ga shiru ya fi sauƙi, sa'an nan muka zo muka ce Amin da ƙarfi. In kuna neman wanda za ku zama a labarin nan, ku zama Kyauta, amma ku fi ta sauri, kada ku jira sai an ji rugum.

“Zan cike” kuwa, wannan kowa ya san ta. Bayan rumbu, bayan shuka, bayan jarrabawa, bayan Kirsimeti. Ruwa ba ya jira.

Saboda haka yau in an tashi, kada kowa ya tsaya a ƙofar gidansa yana sha'awar zane. Ka zagaya baya, ka nemi raminka, ka duba bangon wa yake kusa da shi. In ka ga gindinsa ya fara baƙi, ɗauki kwando tun mai ɗakin tana da tabarmar kwanciya.